Neman shawara: tsohuwar Colt Python ko sabuwar fitowar 2020?

Baban Hanifa (Houston):

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Da fatan kowa yana lafiya, ya aiki, ya iyali. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar bindiga a cikinmu, musamman masu zuwa filin harbi.

Bayan na samu takardar zama ɗan ƙasa na shiga wata ƙungiyar masu wasan harbi a nan gefen gari. Har yanzu ba ni da tawa, haya nake yi a filin. Na gwada iri-iri, amma raina ya fi kwanciya da libarba, mai silinda ɗin nan da ke juyawa, fiye da masu magazin. Yanzu na tara ɗan abin da zan sayi tawa, kuma abu biyu ne a gabana.

Wani abokin aikina mahaifinsa ya rasu ya bar masa tsohuwar libarba Colt Python, baƙa mai sheƙi, bututunta inci 6, lambarta ta fara da harafin E. Babu kwali, babu takardun kamfani. Ya yi mini kuɗi dala 2,800, ya ce ba zai tallata ta ba sai na yanke shawara. A shagon da nake zuwa kuma akwai sabuwar Python da aka sake fitarwa, fara, kuɗinta kusan rabin wancan.

Na riƙe duka biyun. Gaskiya tsohuwar ta shiga raina, idona ya ƙi barin ta. Amma ni ba ajiya zan yi ba, harbi nake son yi da ita duk ƙarshen mako da na samu sarari. Ba yawo zan yi da ita a ƙugu ba. To, da gaske ne tsohuwar ta fi sabuwar nesa ba kusa ba kamar yadda dattawan filinmu ke faɗa, ko ƙaunar abin da ya wuce ce kawai? Kuma in ta tsohuwar za a bi, me zan duba kafin in ba da kuɗi? Allah ya saka da alheri.

Abu Sadik (Dallas):

Wa alaikumussalam. Malam ka riga ka ba kanka amsa da ka ce harbi za ka yi. Sayi sabuwar. Ragowar kuɗin ka sayi akwatin ƙarfe mai makulli da harsasai, ka biya malami ya zauna da kai. Tsohuwar ta masu tara kayan tarihi ce, kuma su ba su cika harba ta ba, goge ta suke yi su mayar.

Alhaji na Hartford:

Wa alaikumussalam wa rahmatullah. Abu Sadik, ka yi sauri ɗana. Bari in faɗi abin da ya sa dattawan can suke magana haka, don ba surutu ba ne.

Ni a Connecticut nake, inda kamfanin Colt yake tun zamanin wanda ya kafa shi, Samuel Colt. An fara yin Python a 1955, a lokacin ana sayar da ita dala 125, kuɗi mai yawa a wancan zamani. Tun farko ba a yi ta don kowa da kowa ba, ita ce kan gaba a duk libarbar da suke yi. Abin da ya bambanta ta shi ne hannu. Kowace ɗaya sai gwani ya zauna da ita a kan teburi, ya ɗauki ƙananan ƙarafan cikinta yana gogawa da dutse yana gwadawa har su zauna da juna. Shi ya sa in ka cire wani ƙarfe daga wannan ka sa wa waccan ba lallai ya yi aiki ba, ko da shekararsu ɗaya.

Sai kuma launin. Wannan baƙin da ya kama maka ido suna kiran sa Royal Blue. Ba fenti ba ne. Goge ƙarfen ake yi mataki-mataki har ya zama kamar madubi kafin a rina shi, kuma masu gugar nan sai wanda ya daɗe a aikin ake bari ya taɓa Python. In ka sa ta a haske za ka ga shuɗi can cikin baƙin. Bambancin da ke tsakanin hula ɗinkin hannu da ta inji ke nan: daga nesa duk hula ce, sai ka ɗauka a hannu.

Taka da ta fara da E, tsakanin 1969 da 1975 aka yi ta. Zamani ne mai kyau. Ma'aikatan kamfanin sun shiga yajin aiki a 1986, aka kwashe shekara huɗu ba a sasanta ba, kuma masu tara bindiga sun fi daraja waɗanda aka yi kafin wannan rikici. A 1999 aka daina yin ta da yawa, sai ɗai-ɗai bisa oda, a 2005 aka tsaya gaba ɗaya. Mutanen da suka iya wannan aiki mafi yawansu sun yi ritaya ko sun riga mu gidan gaskiya. Ba za a sake yin irinta ba, ko kamfanin ya so.

Saboda haka ni ba zan ce maka kar ka saya ba. Da tsohuwar zuma ake magani. In lafiyarta ƙalau, kuɗin da aka yi maka bai wuce hankali ba, ko da yake rashin kwali da takardu yana rage mata daraja wurin masu tarawa, kuma kana da damar neman ragi a kan haka.

Injiniya Ohio:

Baba Alhaji ya faɗi gaskiya a kan tarihi da kyau, ban da abin ƙarawa. Ni ta ɓangaren ƙarfe zan shiga, don a nan ne shawarar take.

Aikin hannun nan da ake yabo, shi ne kuma rauninta. Tsarin cikin tsohuwar Python ya girme ta nesa, an gaje shi ne daga libarbobin Colt na farkon ƙarni na 20. Akwai sifirin guda mai siffar V wanda ke tura guduma, shi ne kuma ke danna wani dogon ƙarfe da ke mayar da kunama, wannan ƙarfen kuma shi ke sarrafa makullin silinda da ɗan hannun da ke juya ta. Wato kusan kowane ƙarfe aiki biyu ko uku yake yi. In ɗaya ya ɗan ci, sauran duk sai su kauce.

Ga inda abin ya fi muhimmanci. A tsohuwar, lokacin da ka ja kunama har ƙarshe, ɗan hannun nan yana tokare silinda ya matse ta da makullinta, ta tsaya cak ba motsi ko kaɗan a daidai lokacin da harsashi zai tashi. Wannan na cikin abin da ya sa ta yi suna wajen saiti. Amma duk harbi ɗaya, wani ɓangare na bugun a kan wannan ɗan ƙarfen yake sauka. Da tafiya ta yi tafiya sai ya ci, taimin ya kauce, wato ramin silinda ya daina fuskantar bututu daidai. In ya yi nisa har ɓarɓashin dalma za ta riƙa fesowa ta gefe. Masu ita a da sun san haka, suna kai ta gyara lokaci-lokaci, kuma a lokacin masu gyaran suna ko'ina. Yau fa? Mai gyaran da ya iya cikin tsohuwar Colt da gaske sai an tona, in ka same shi kuma layi ne na watanni. Wanda bai iya ba in ya sa mata hannu ya lalata ta. Kayan cikin sabuwar kuma ba sa shiga tsohuwar.

Sabuwar da aka fitar a Janairun 2020, a waje kusan ita ce: ga dogon ƙarfen nan mai tagogi a saman bututu, ga nauyin da ke ƙarƙashinsa har baki, harsashi shida, irin mai ƙarfin nan da ake kira .357 Magnum. A ciki kuwa an sake zane. An rage yawan ƙananan ƙarafa, injin kwamfuta ne ke yanka su daidai wa daida, don haka ba a bukatar gwani ya zauna yana goga kowace ɗaya. Ƙarfen jikinta wanda ba ya tsatsa ne, kuma kamfanin ya ce ya ƙara kaurin ƙarfen da ke ƙarƙashin saitin baya, abin da ake auna hari da shi, da kashi 30 cikin ɗari, wurin da ke shan wahala in ana yawan harba Magnum. Saitin gaba ma da kanka za ka iya canza shi, ƙaramin noti ɗaya ne ke riƙe da shi.

Maganar kunama kuwa kashi biyu ce, kuma nan ne mutane ke cakuɗa zance. In ka ɗaga guduma da babban yatsa sannan ka taɓa kunama, tsohuwar ta fi: sauƙi, tsaf, ba ja. Sabuwar a nan ta fi nauyi, kowa ya yarda. Amma in za ka ja kunama tun daga farko ita ta ɗaga gudumar, tsohuwar tana ƙara nauyi yayin da kake kusantar ƙarshe, sabuwar kuma nauyinta kusan ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Da yawan masu harbi sun fi son na sabuwar a wannan. Ka tambayi dattawan filinku wanne daga ciki suke nufi in sun ce ta fi.

Ra'ayina: mai harbi duk mako, sabuwa. Tsohuwar ba ta da laifi, amma duk harsashin da ka sa mata kana cin abin da maye gurbinsa ke da wuya.

Baban Hanifa (Houston):

Baba Alhaji, Injiniya, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Injiniya, abokin nawa ya yarda in sake zuwa in duba ta a nutse ranar Asabar. Ya zan gane ko taimin ɗin ya riga ya kauce? Shi kansa bai san komai a kanta ba, ya ce tun yana yaro take cikin durowar mahaifinsa.

Injiniya Ohio:

Kafin komai ka buɗe silinda ka tabbatar da idonka da yatsanka babu harsashi ko ɗaya, kuma kar a bar harsashi a ɗakin. Bindigar da ta daɗe a durowa ita ce aka fi samu da harsashi a ciki, mai gidan bai sani ba. A Colt baya ake jan maɓallin buɗewa, ba gaba ba kamar na Smith & Wesson.

Sai ka ɗaga guduma a hankali, a hankali sosai, kana sauraro. Ya kamata silinda ta juya ta shiga makullinta ta ce ƙas daidai lokacin da guduma ta kai ƙarshe. Ka yi haka a dukkan ramuka shida, don sau da yawa rami ɗaya ko biyu ne ke fara makara. Bayan nan ka ja kunama ka sauke guduma a hankali da yatsa, kar ka saki kunamar, ka riƙe ta a baya, ka gwada murɗa silinda da ɗaya hannun. A lafiyayyar tsohuwar Python ba za ta motsa ba sam. In ta yi girgiɗi, gyara na jiran ka. Ka kuma tura ta gaba da baya, nan ma bai kamata ka ji wasa ba.

Ka haska fitila a bakin bututun ta ciki, inda harsashi ke shiga daga silinda, ka duba ko akwai tsaga ko zaizaya. Ka duba saman firam, wato gangar jikin bindigar, a daidai wurin, wuta kan yi masa zane in an sha harba Magnum. Ɗan zane ba komai, rami mai zurfi labari ne.

Abin da ya fi cin kuɗin mutane shi ne rini na biyu. Wani ya goge tsatsa ya sake rina ta, ta yi kyau a ido, amma darajarta ta faɗi warwas. Ka duba tambarin dokin nan da ke gefe da rubutun jikin bututu: in sun dushe ko gefensu ya yi laushi, an sake guga. Kan notuna ma yana ba da labari, in sun tauye to wani ya buɗe ta da sukundireban da bai dace ba. Ƙotar katakon ma ka duba ko ta asali ce mai tambarin zinariya, don ita kaɗai ɗaruruwan daloli ce yanzu.

Duk da haka kar ka tsaya a kan dubanka. Ka ce masa ku kai ta wurin mai gyaran bindiga ya duba, kai ka biya kuɗin dubawar. Kuma kamfanin yana da sashen tarihi da ke ba da wasiƙa a kan lambar bindiga, ranar da ta fita da launinta da tsawon bututunta na asali, in ka biya. Abu ɗaya kuma: kar ka bari kowa ya wurga silinda ta rufe da karkaɗa hannu yadda ake yi a fim. Yana lanƙwasa ƙarfen da ke riƙe da ita.

Maman Ilham (Maryland):

Sannunku da ƙoƙari. Ni ban san kan bindiga ba, amma a asibiti nake aiki, ɓangaren yara, kuma sunanka Baban Hanifa. Yaya, shekarunta nawa? Akwai ƙannenta? Duk bayanin nan da aka yi ban ga wanda ya tsaya a kan inda za ta kwana ba sai Abu Sadik da ya ambata a gurguje.

Yaro ya san duk maɓoyar da ke gidan ubansa. Saman kabad, ƙarƙashin katifa, cikin jakar tafiya, duk ya sani. Libarba kuma ba ta da wani maɓallin kariya da ake kunnawa a kashe, jan kunama ne kawai. Don Allah akwatin ƙarfen ya riga bindigar shiga gida, a kafe shi a bango ko a ƙasa, harsasai kuma a wani wurin daban a kulle. Sannan ka zauna da Maman Hanifa ku yi maganar tun yanzu, da kuɗin da komai. Gidanta ne ita ma, kuma ita ke wuni da yaran.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: dalma. In ka dawo daga filin harbi akwai ƙurarta a hannunka da rigarka da takalminka. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci ko ka ɗauki yaro, kayan kuma a wanke su daban. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar ƙananan yara, ko kaɗan ce.

Baban Hanifa (Houston):

Hajiya na gode, wannan magana ce ta 'yar'uwa. Hanifa shekararta bakwai, ƙaninta uku. Mun yi maganar da mahaifiyarsu, sharaɗinta ke nan ita ma, akwati kafin bindiga. Maganar dalma kuwa yau na fara jin ta, zan kiyaye in sha Allah.

Ɗan Kurmi (Kano):

Ikon Allah. Mu nan in an ce bindiga gabanmu faɗuwa yake, saboda abin da ta yi wa ƙauyukanmu a Zamfara da Katsina da Sakkwato. Ban ce ka yi laifi ba Malam, ƙasa da ƙasa akwai bambanci, amma dala 2,800 a kan abin wasa, alhali ga 'yan'uwa a gida? Sannan tambaya: in ka tashi dawowa gida za ka iya tahowa da ita?

Shugaban zaure (Atlanta):

Ɗan Kurmi, damuwarka a wurinta take, babu wanda ke cikin zauren nan da abin da ke faruwa a gida bai taɓa shi ba. Amma mutum ya nemi shawara a kan abin da dokar inda yake ta halatta masa, da kuɗin guminsa, kuma ba mu san abin da yake aikawa gida ba. Mu bar wannan tsakaninsa da Ubangijinsa.

Tambayarka ta biyu ita ce nake so kowa ya ji amsarta da kyau: a'a. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin jerin makaman da aka haramta, lasisinsu ba a hannun kwamishinan 'yan sanda yake ba, sai da izinin shugaban ƙasa. Fitar da bindiga daga Amurka ma sai da izinin gwamnati. Wanda ya cusa ta cikin kwantena ko cikin motar da zai aika gida ya jawo wa kansa ɗauri a ƙasa biyu. Ko harsashi ɗaya da aka manta a aljihun jaka yana iya tsayar da mutum a filin jirgi, saboda haka jakar filin harbi daban, jakar tafiya daban.

Ga masu karatu da ke nan Amurka kuma, kar wani ya ga Baban Hanifa ya ce shi ma bari ya je. Shi ɗan ƙasa ne. Mai katin zama na dindindin ma doka ta ba shi dama. Amma wanda ke kan bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi mallakar bindiga ko harsashi sai in ya shiga cikin wasu 'yan keɓantattun sharuɗɗa, kuma kuskure a nan yana iya cin takardun mutum gaba ɗaya. Sayen ƙaramar bindiga a shago sai mai shekara 21, a cike fom 4473, a binciki sunanka. Kuma kar ka taɓa saya wa wani da sunanka, ko ɗan uwarku ɗaya ne, babban laifi ne.

Baban Hanifa, in ka ɗauki tsohuwar, ko da dokar Texas ta bar mutum biyu mazauna jihar su yi ciniki tsakaninsu, ni shawarata ku je shago mai lasisi a yi musayar a can, a rubuta. Kuɗi kaɗan ne. Kayan gado ne kuma, ka tabbatar sauran magada sun yarda a sayar. Sannan a Texas laifi ne sakaci da bindiga mai harsashi har yaro ɗan ƙasa da shekara 17 ya kai gare ta, wato maganar Hajiya doka ce ma.

Malam Toronto:

Ƙarin bayani kaɗan. In ka lura gajeriyar sabuwar da aka fitar a 2020 inci 4.25 ce, alhali takwararta a tsohuwar 4 ce cif. Saboda mu aka yi haka: dokar Kanada ta haramta ƙaramar bindigar da bututunta bai wuce milimita 105 ba, inci 4 kuma bai kai ba. Sai ga shi a Oktoban 2022 gwamnati ta dakatar da saye da sayar da ƙananan bindigogi a nan kusan gaba ɗaya. Mu yanzu sai kallo. Tunda wasan harbi za ka yi, ɗauki mai inci 6, nisan da ke tsakanin saitin gaba da na baya yana taimakawa, nauyinta kuma, wajen kilo 1.3, yana shanye bugun.

Sarkin Yaƙi (Arizona):

Ni na saya sabuwar, mai inci 6, kuma ina harbi da ita sosai, ban ga abin ƙi ba. Amma a faɗa maka abin da ya faru a farkon fitowarta don za ka ci karo da shi a YouTube. A watannin farko na 2020 wasu sun yi kukan silinda tana ƙin juyawa, wasu kuma guduma ba ta bugun harsashi da ƙarfin da zai tashi. Kamfanin da kansa ya fito ya yi bayani, ya ce notunan murfin gefe ne ke kwancewa, ya fara sa musu abin riƙe zare, ya kuma ƙara ƙarfin sifirin. Bidiyoyin da ke yawo mafi yawansu na wancan lokacin ne. Tunda sabuwa fil za ka saya a shago, wannan ya wuce, ga kuma garanti. Abin da har yanzu wasu ke canzawa shi ne saitin baya, suna sa na wani kamfani da ya fi zama daram.

In launin ne ya kama ka, a 2024 sun fitar da baƙa ita ma. Tana da kyau, amma ba zan yi maka ƙarya ba, in ka ajiye ta kusa da irin wadda Baba Alhaji ke magana za ka ga bambanci.

Game da tsadar tsohuwar, ka san ba aikin hannu kaɗai ya kai ta nan ba. Bayan an daina yin ta, sai ga shirin talabijin ɗin nan The Walking Dead da ya fara a 2010, jaruminsa da Python yake yawo, yara da manya kowa ya ce sai ita. Farashi ya yi sama. Wani ɓangare na kuɗin da za ka biya na wannan suna ne, ba na ƙarfe ba. Kamfanin ma kansa ya canza hannu, tun 2021 kamfanin CZ na Jamhuriyar Cek ne ke da shi, amma har yanzu a Connecticut ake ƙera ta.

Ko wacce ka ɗauka, yawancin atisayenka ka yi da harsashin .38 Special. Tana cin sa, ya fi araha, ya fi sauƙi a hannu da kunne. Sai dai ya fi Magnum gajarta, yana barin zoben datti a cikin ramukan silinda, ka goge su da burushi kafin ka koma Magnum, in ba haka ba kwanson zai riƙa maƙalewa.

Abu Sadik (Dallas):

Tunda an buɗe zancen, ni da za a bi tawa ma ba dole sai Python ba. Ruger GP100 da Smith & Wesson 686 duk .357 ne, duk tun shekarun 1980 ake yin su, duk sun fi ta araha, kuma kowane mai gyara a Texas ya san cikinsu. Ka karɓi hayar su a filinku ka gwada kafin ka kai kuɗinka ko'ina.

Alhaji na Hartford:

Abu Sadik, ransa Python yake so, a bar shi da abin da yake so. Amma na saurari Injiniya, kuma ba zan yi gardama da shi a kan masu gyara ba, gaskiya ne sun yi ƙaranci ko a nan garin da aka haife ta. Ɗana Baban Hanifa, in kuɗin bindiga ɗaya gare ka kuma harbi za ka yi, ɗauki sabuwar, ban ji kunyar faɗa ba. Roƙona ɗaya: ka gaya wa abokin naka gaskiyar abin da ke hannunsa, kar wani ya yi masa wayo. Ya shafa mata mai, ya cire ta daga kowace irin jakar fata don fata tana jawo tsatsa, ya nemi wasiƙar kamfani kafin ya sayar. Kuma a filin harbi ko a gida, ka riƙe hadisin nan da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami. Ko ka rantse babu harsashi, bakinta kar ya kalli mutum.

Baban Hanifa (Houston):

Na gode Baba, na gode kowa da kowa, Allah ya bar zumunci. Ga inda na tsaya: akwati zan fara saya a wannan makon. Ranar Asabar zan je wurin abokina kamar yadda muka yi, mu kai ta wurin mai gyara, in gaya masa duk abin da kuka faɗa, amma zan sanar da shi kar ya jira ni. Zan gwada GP100 da 686 saboda Abu Sadik, in raina bai sauya ba sabuwar mai inci 6 zan ɗauka. Saura tambaya ɗaya: fara ko baƙa?

Injiniya Ohio:

Fara. Houston gari ne mai laima da zufa, baƙin ƙarfe kuma ko zanen yatsa ka bari a jikinsa ya kwana biyu sai ya fara ja. Farar ma ka riƙa goge ta bayan kowane harbi, ka sa 'yar jakar nan mai shanye laima a cikin akwatin. A shagon kuma ka ce su fito maka da wadda za ka tafi da ita, ba ta cikin gilashi ba, ka gwada ramukan shida ɗaya bayan ɗaya kafin ka sa hannu a fom, don in ka fita da ita yawancin shaguna ba sa karɓar bindiga a mayar, sai dai ka aika wa kamfani.